Asabar Ɗin Da Na Bar Ƙofa A Kulle

Jama'a, na ga saƙonninku tun daga lokacin da na rubuto muku layi ɗaya ranar Asabar cewa Struan ya ba ni zobe. Na gode, amma ban iya amsa ko ɗaya ba. Duk wadda ta rubuto min "kin cancanta" sai in ji kamar ta watsa min ruwan zafi a fuska. Ku bari in ba ku labarin yadda zoben ya hau yatsana tukuna, sannan ku duba ko za ku sake taya ni murna.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, a nan Morven nake amsawa, kuma kamar kullum duk sunayen na sauya. Shekaruna ashirin da bakwai, a Greenock aka haife ni, a nan nake zaune da mahaifiyata a hawa na biyu, ina aiki a shagon tabarau. Kuma ni mashayiya ce. Wata goma sha huɗu rabona da giya. Wannan maganar wuri ɗaya kawai nake iya faɗinta da bakina, a wani zaure da ke bayan tsohon coci, duk Asabar ƙarfe goma na safe, a gaban mutum kusan ashirin da kowannensu ya taɓa farkawa a ƙasan banɗaki kamar yadda na sha farkawa.

A ƙungiyarmu kowa da hidimarsa. Wani yana jera kujeru, wata tana amsa wayar masu neman taimako. Ni wankin kofuna na fara, wata shida ina yi, har na san wane kofi ne ke da tsaga da kuma wanda ba ya shan shayi sai a cikinsa. Watanni huɗu da suka wuce, bayan an tashi zama, Baba Lachie ya cire igiyar da ke wuyansa ya miƙo min da mabuɗin zauren a jiki. Shekarunsa tamanin da ɗaya, tsohon mai walda ne a wurin ƙera jirage, kuma shi kaɗai ya rage a cikin mutum ukun da suka fara wannan zama a 1979. Ya ce gwiwoyinsa sun daina tashi da wuri, yanzu ni ce mai ƙofa. Ran nan a bas na yi ta taɓa mabuɗin a aljihu. Ni da Mama ta taɓa ɓoye wa mabuɗin gidanmu, yau ni aka ba wa na mutane.

Aikin ba wuya. In zo tara da kwata, in kunna hita, in cika babbar butar shayi, in juye biskit a faranti, sannan in tsaya a bakin ƙofa. Tsayuwar ita ce aikin. Sabon zuwa yakan riga kowa isowa, don ba zai iya shiga ɗakin da ya cika ba. Ni ma haka na zo ranar farko, tara da minti ashirin, na sami Ishbel a ƙofa. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ba ni shayi da sukari cokali uku. Ita ce uwar ɗakina a ƙungiya yanzu, mai ja min gora, tsohuwar mai dafa abincin makaranta, gajera mai farin gashi, shekara ashirin da biyu ba ta sha ba.

Akwai kuma littafi. Baƙin bango gare shi, na biyar ke nan tun da aka fara, sauran huɗun suna cikin akwati a ƙasan teburin shayi. Duk wanda ya buɗe ƙofa zai rubuta kwanan wata da sunansa da layi ɗaya. Ina jiran ruwa ya tafasa nakan ɗauko tsofaffin in karanta. "Ruwan sama. Mutum shida. Madara ta lalace." "Dusar ƙanƙara har gwiwa, na taho a ƙasa daga Port Glasgow, mu biyu ne, mun yi zama." Akwai ranar da aka binne matar Baba Lachie ƙarfe sha biyu, da safiyar ya rubuta: "Na buɗe. Zan tashi da wuri." Yawancin masu rubutun sun mutu, wasu giya ce ta koma ta ɗauke su, amma duk Asabar tana nan a jere. Shekara arba'in da wani abu, ba a taɓa zuwa an tarar da ƙofar nan a kulle ba. Kowa a zauren ya san wannan, ana faɗa wa sabon zuwa tun kafin ya gama kofinsa na farko.

To, Struan fa? Malamin lissafi ne a sakandare. Ya zo shagonmu wata goma da suka wuce da tabarau a karye, ya ce shi ya zauna a kai, kuma wannan ne karo na uku. Mutum ne mai sanyi, mai riƙe wa tsofaffi ƙofa, iyayensa suna Gourock a gida mai kallon ruwa. Ya san ba na shan giya, na ce masa cikina ne ba ya so. Asabar da safe kuwa na ce masa iyo nake zuwa. Kada ku yi dariya, har jaka nake ɗauka da tawul a ciki, in an tashi zama in sa kaina a famfon zauren in jiƙa gashina kafin in je mu haɗu. Wata goma ina wannan.

Mama ce ta fara ba ni shawarar. Ita ta sha ɗaga ni daga ƙasa, ta san komai, amma a wurinta abin ya wuce kamar mura. Babana giya ce ta kashe shi yana da arba'in da tara, har gobe Mama "ciwon zuciya" take cewa. Duk lokacin da na ce zan faɗa wa Struan sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce irin wannan yaron ba ya zuwa sau biyu, in bari bayan biki, ko ma in bar shi gaba ɗaya, tunda ai na warke. Ishbel kuma duk mako sai ta tambaye ni, "Kin faɗa masa?" Ni ina tsakiya, kowacce ina ce mata to.

Ranar Juma'a ƙarfe huɗu ina shago saƙon Ishbel ya shigo:

"Gobe wata za ta zo, Rhona. Yau ta kira waya, sati uku tana riƙe da lambar. Na ce mata tara da kwata ƙofa a buɗe take, akwai yarinya Morven da shayi. Ki tarbe ta, kada ki cika ta da surutu."

Na amsa da "An gama, Anti," har da hoton zuciya.

Na dawo gida na tarar da riga a shimfiɗe a gadona. Shuɗiya mai duhu, doguwa har ƙasan gwiwa, da ƙananan fararen maɓallai daga wuya zuwa ƙugu, ga takalmi sabo a kwalinsa, ga 'yan kunnen kakata da Mama ba ta taɓa bari na taɓa ba. Tana tsaye a ƙofar ɗakin tana murmushin da ya cika mata fuska. Ta ce gobe Struan da iyayensa za su kai mu Rothesay cin abinci, jirgin ruwan ƙarfe tara za mu hau, za su zo ɗaukarmu takwas da kwata. Sati biyu ta san da maganar, an ce kada ta faɗa min.

"Mama, gobe Asabar."

"Na san kwanakin mako, ni na koya miki su."

"Ni ke da mabuɗi. Kuma akwai wadda za ta zo."

"Mutum ashirin, duk manya, a rasa mai buɗe ƙofa? Ke kaɗai ce mai hannu?" Ta matso ta gyara wuyan rigar a kan gado. "Morven, kin san abin da yaron nan zai yi gobe, ni ma na sani. Rana ɗaya nake roƙo. Kin ba mutanen can Asabar sittin, ki ba uwarki ɗaya."

Ga gaskiyar da ta fi min ciwo. Daga gidanmu zuwa gidan Ishbel minti goma ne a ƙasa. Ina da yammacin nan gaba ɗaya. Da na kai mata mabuɗin da shi ke nan, babu wanda zai ce min komai, mutane suna musanya hidima kullum. Abin da ya hana ni ɗaya ne: na san za ta tambaye ni me Struan ya ɗauka nake yi ranar Asabar, kuma za ta kalle ni ta saman tabaranta. Ban so kallon ba. Sai na ce wa kaina zan tashi ƙarfe bakwai in jefa mata shi ta ramin wasiƙa in gudu.

Ƙarfe bakwai Mama ta zaunar da ni a kicin tana nannaɗe min gashi da ƙarfen zafi. Takwas saura minti goma muka ji hon, sun zo da wuri, babansa ba ya son layin jirgi. Na jefa mabuɗin a ƙaramar jakata na sauka. Struan ya sa rigar kwat mai ruwan toka, ya aske gemu har ya yanke kansa a haɓa. Mamansa, Marjory, tana gaba da gyale mai furanni, ta juyo ta kama hannuna ta ce yau na yi kyau kamar ba ni ba, sannan ta yi dariya ta ce ba haka take nufi ba. Muka bi ta bakin layin su Ishbel. Na hango jan ƙofarta. Kalma ɗaya zan ce, "tsaya," amma sai an tambaye ni mabuɗin mene ne. Mota ta wuce.

A layin jirgi na ciro waya na rubuta: "Anti, ba zan samu zuwa ba, don Allah ki je ki tsaya a ƙofa saboda Rhona." Na karanta shi. Struan ya leƙo yana tambaya ko ina so mu hau sama mu ga ruwa. Na goge saƙon, na kashe ƙarar wayar, na tura ta ƙasan jaka kusa da mabuɗin. Ko ƙofar ba ta buɗu ba, da saƙon nan ya tafi da matar ta tarar da mutum. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba.

Tara da kwata ta same ni a saman jirgi, ana yayyafi, Mama tana riƙe da lema a kan gashina. Na ga agogon hannun Struan. Na ce wa kaina wataƙila matar ba za ta zo ba, ai da yawa sukan kira ba su zo ba. Har addu'a na yi kada ta zo. Ku duba irin addu'ar da mutum yake yi.

A Rothesay iyayen suka ce za su shiga shago, suka ja Mama. Struan ya kai ni wani benci a bakin ruwa, ya shimfiɗa kwat ɗinsa a kan jiƙaƙƙen katako, ya durƙusa a cikin ruwan sama. Ya shirya jawabi a takarda amma tabaransa ya yi hazo, ya kasa karantawa, sai ya ninke ta ya ce shi dai bai taɓa sanin mutum mai gaskiya irina ba, kuma yana so ya tsufa a kusa da ni. Jakata tana kan cinyata, ina jin wayar tana ta kaɗawa a ciki ba tsayawa. Na ce eh. Na yi kuka, ya ɗauka na murna ne. Wani ɓangaren na murna ne, ina son mutumin nan, kada ku yi shakka.

A wurin cin abinci babansa ya sa aka kawo giya mai kumfa. Kafin kowa ya yi magana Struan ya riga ya ce a kawo min lemo, Mama kuma ta ƙara da cewa cikina tun ina yarinya haka yake. Aka ɗaga kofuna. Ƙamshin ya zo min daga kofin Marjory, yawuna ya tsinke, na ji tsohuwar muryar nan ta cikin kaina tana cewa yau ai rana ce ta musamman, kuma tunda kin riga kin ɓata safiya. Na miƙe na ce zan shiga banɗaki.

A can na kulle ƙofa na duba waya. Kira goma sha bakwai. Saƙonnin Ishbel a jere:

"Kina ciki? Rhona ta ce ƙofa a kulle."

"Muna waje, mai gadin coci ya yi tafiya da nasa mabuɗin. Ina kike?"

"Mun je gidanku ba kowa."

"Morven, ba faɗa zan yi ba. Ki ce min kawai ba ki sha ba. In ma kin sha, ki faɗa min inda kike in zo."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni ina tunanin za su ji haushi, su kuwa sun ɗauka ina kwance a wani lungu. Na zauna a kan murfin masai da sabuwar rigata da zoben minti arba'in a hannuna, na rubuta: "Ban sha ba. Lafiyata ƙalau. Zan zo da yamma." Amsarta kalma ɗaya ce: "To." Na wanke fuska, na gyara kwalli, na koma na cinye kifina, har na sa baki a maganar ko wane wata ya fi dacewa da biki. A jirgin dawowa ne na rubuto muku layin nan da kuka yi ta taya ni murna a kai.

Ƙarfe biyar na ƙwanƙwasa jan ƙofar, ban ko cire rigar ba. Ishbel ta buɗe, ta dube ni daga gashi har takalmi, ta juya ciki. A kicin na tarar da Baba Lachie a kusa da hita da bargo a kafaɗa, yana tari. A nan na ji sauran. Da suka ga goma ta wuce ban zo ba, mutum goma sha ɗaya suka tafi falonsa suka yi zaman a can, wasu a ƙasa. Shi kuwa bai zauna ba. Ya ba su mabuɗin gidansa, ya ɗauki sandarsa ya bi wuraren da na taɓa faɗa a zama cewa a nan nake sha: bayan tashar bas, bencin da ke kusa da tsohuwar ma'ajiyar sukari, shagon kwana. Awa biyu a cikin ruwa.

Na ba su labarin komai a tsaye, ban rage ba, har saƙon da na goge. Babu wanda ya katse ni. Da na gama na ciro mabuɗin na ajiye a kan tebur.

Ishbel ta ɗauko wayarta ta miƙo min. Saƙon Rhona ne, tara da minti ashirin da takwas: "Na zo. Ba kowa. Ba komai, dama na san haka za a yi." Ta ce matar shekararta talatin da huɗu, 'ya'yanta biyu, wurin 'yar'uwarta ta kai su don ta samu zuwa. Ishbel ta kira ta sau tara tun safe, wayar a kashe.

"Za ta dawo?" na tambaya.

"Ban sani ba. Wasu suna dawowa." Ta karɓi wayarta. "Ba zan ce miki ba komai ba, don da komai."

Baba Lachie ya sa yatsa ɗaya ya turo min mabuɗin har bakin tebur. Ya ce shi ba shi na bari a waje ba, shi yana da inda zai je da waɗanda zai kira. Ya ce in na ajiye mabuɗi na tafi gida na yi kuka, wannan ma wata hanyar gudu ce, kuma ya ga masu binta da yawa, ya san inda take kaiwa. Littafin yana cikin zaure a kulle, shafin yau babu komai a kai, karo na farko.

"Ke za ki cika shi, 'yar nan. Asabar mai zuwa ki buɗe tara da kwata, ki rubuta na yau da hannunki, abin da ya faru, ba ado. In an zauna ki karanta wa mutane."

"A gaban kowa, Baba?"

"Ai a gaban kowa aka tsaya a ruwa."

Ishbel ta zuba min shayi, ba sukari. Tana miƙo min idonta ya sauka a kan yatsana. Ta kama hannun ta juya shi a haske, ta ce yana da kyau, yaron yana da ido. Sannan ta ɗago ta yi min kallon da na guje wa tun jiya.

"Wa ya ba wa, ke ko mai iyo?"

Ranar Lahadi da rana Struan ya zo ya ɗauke ni. Muka sayi soyayyen dankali muka hau tudun Lyle, muka zauna a mota don iska ta yi yawa. Yana ta lissafin mutanen da za a gayyata, ya kai saba'in, duk daga ɓangarensa. Na ajiye takardar dankalin a kan cinyata na ce masa akwai magana, ranar Asabar ba iyo nake zuwa ba.

Sai ya yi dariya. Ya ce ya sani.

Tun watan Fabrairu ya hango ni ina shiga bayan coci da galan ɗin madara. Ya san zaman su waye ake yi a wurin, akwai takarda a jikin allo. Bai so ya kunyata ni ba, sai ya tambayi Mama. Mama ta ce masa aikin sa kai nake yi, ina dafa wa mashaya shayi saboda tausayi, kuma ba na son a yabe ni, shi ya sa nake cewa iyo, don haka ya yi kamar bai sani ba. Ya ce tun ran nan ya yanke shawara a kaina. Ya faɗa wa mamansa, ita ma ta faɗa wa matan cocinsu. Har ya tambayi Mama ko tafiyar jiya ba za ta hana ni hidimata ba, ta ce an riga an samo mai riƙe min.

"Ba kowa zai iya ba, Morven," ya ce, yana shafa min hannu. "Ni ko minti goma ba zan iya zama da irin mutanen nan ba. Ke kuwa duk sati."

Jama'a, abin da ake buƙata daga gare ni kawai shi ne in sunkuyar da kai in yi murmushi. Mama ta riga ta gama min aikin, ƙaryarta ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba. Da ita zan iya zuwa zama har ƙarshen rayuwata ba tawul, ba jiƙa gashi, yana ma alfahari da ni. Na daɗe ina kallon jiragen da ke ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, na kusa ɗauka.

"Struan, ba tausayinsu nake ji ba. Ni ma ɗaya ce daga cikinsu. Ni mashayiya ce."

Hannunsa bai janye nan take ba, sai da ya ɗan jima. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya mayar, ya sake cirewa. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun ina da sha bakwai, kuma wata goma sha huɗu ke nan da bari. Na ga yana lissafi, ba ya iya hana kansa. Na faɗa masa aikin jinyar da na rasa, da daren da aka kai ni asibiti, da yadda ƙamshin kofin mamansa ya kore ni daga tebur jiya. Na faɗa masa Rhona da tsohon da ya yi awa biyu yana nemana a bayan tashar bas lokacin da shi yake durƙushe a gabana.

"Jiƙaƙƙen gashin fa?"

"Famfon zaure."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Har hular iyo na saya miki ranar haihuwarki. Kika ce ta yi miki daidai."

Ya tayar da mota. Har ƙofar gidanmu bai kunna rediyo ba. Da ya tsaya ya ce maganar giyar bai san komai a kanta ba, zai iya koyo ko ba zai iya ba, shi ma bai sani ba tukuna. Abin da ya tsaya masa shi ne jiya mata biyu, ni da Mama, mun san abin da bai sani ba, kuma dukanmu muka bar shi ya durƙusa ya yi jawabi a kan gaskiya. Ya ce ba ya so ya faɗi abin da zai janye daga baya, in ba shi lokaci. Bai fito ya raka ni ba, amma bai tafi ba sai da ya ga na shiga.

Na hau sama na tarar da Mama ta baza mujallun kayan amare a teburin kicin, ta ninke kusurwar shafuka. Ta ɗago da murmushi, ta ga fuskata.

"Kin faɗa masa."

"Na faɗa. Har abin da kika ce masa ya gaya min."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta tattara mujallun ɗaya bayan ɗaya, ta daidaita gefunansu, ta kai su ɗakinta ta rufe ƙofa. Tun ran nan abincina take ajiye min a rufe da faranti, ba ta ce min ci kanki ba.

Yau Talata. Struan bai kira ba, bai rubuto ba, ina ganin yana hawa waya yana sauka. Ban sha ba. Jiya da yau kafin in tafi aiki na kira Ishbel, ita kuma har yanzu tana gwada lambar Rhona safe da yamma. Baba Lachie yana kwance da zazzaɓi, na kai masa miya, ya karɓa ya ce gishiri ya yi yawa. Na gwada rubuta layin da zan sa a littafin sau goma sha wani abu, duk wanda na rubuta sai in ga na saka uzuri a ciki, in yaga.

Ɗazu ina ɗakin baya na shago ina shirin tura muku wannan, saƙo ya shigo daga lambar da ban ajiye ba:

"Morven, Marjory ce. Struan ya faɗa min. Ina son ganinki gobe ƙarfe huɗu a gidana. Ke kaɗai, ban da mahaifiyarki, kuma kada ki gaya masa."

Ba gaisuwa, ba komai a ƙarshe. Na karanta shi har sau shida ina neman inda zan gane ko fushi ne ko wani abu daban, ban samu ba. Na fita wurin mai shago na roƙi ya bar ni in tashi uku da rabi gobe. Ya tambaye ni ko lafiya, ko gwajin rigar amarya ne. Na ce masa a'a, surukata ce take kirana, in har gobe ma surukata ce.